Rumfar da Hubert Ba Ya Shiga

Maƙwabcinmu Hubert Ackroyd a ramin kwal ya ƙarar da ƙarfinsa, nan Wakefield. Da ya bar aiki sai ya kama noman rubab, wani tsiro da ake cin karansa, a bayan gida. Da sanyi yakan kai saiwar cikin wata rumfa mai duhu don karan ya fito ja da taushi, daga nan ba ya sake shiga. Rubab in yana girma a duhu ƙara yake yi, ƙas-ƙas, irin wadda katakon da ke tokare da ramin kwal ya yi ranar da ramin ya rufta da ƙanen Hubert.

Matarsa Mavis ke shiga da kyandir ta tsinko.

"Haba tsoho, ganye ne fa," takan ce.

Shi kuwa yana bakin ƙofa. "Na sani. Ke dai yi ta magana har ki fito."