Littafin Inna a Bakin Gulbi

Ana kiran assalatu muka bar Sakkwato ta Ƙofar Kware, ni da ƙanwar maigidana da mijinta, ɗiyata a baya, gafaka a rataye a ƙirjina. Kware muka nufa, wurin Inna, tsohuwar da ta koya mini karatun ajami bayan na haihu uku. Ita ta ara mini littafin da ke cikin gafakar, labarin wani falke da aka ba amanar yaro ya kai shi ga uwarsa. Tun bara yana wurina. Tsakanin daka da ɗiban ruwa da kukan yara, ko rabi ban kai ba. Sai ga saƙo wai Inna za ta bi ayarin masu tafiya hajji, tana son kayanta.

Hanya duk taɓo, damina ta zauna. Shinkafa ta yi kore shar a fadama. Wata Bafillata mai hura da nono ta ƙi karɓar aninin Bature, ta juya shi ta juya, ta ce ita ba ta shan wahala a biya ta da abu mai huji. Sai da muka lalubo mata kuɗin wuri. Kowa ya yi dariya, ni kuwa hannuna na kan gafaka, don hadari na haɗowa daga gabas, tawada kuma ba ta shiri da ruwa.

Mun iske gulbi ya cika, jirgi yana can ƙetare. Muka zauna gindin wata tsamiya. Yarinya ta yi barci. Na duba, ba turmi, ba tukunya, ba mai kirana. Rabona da irin wannan zama har na manta. Na buɗe littafin. Kun san ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne, in ka karanta ɗaya ka kife shi gefe. Ina cikin jeji tare da falke sai iska ta taso, mai jirgi na ihu a shiga. Na tattara takardu yadda suka zo hannu, wata daga cinyata, wata daga cikin ciyawa. Har muka ƙetare ban ga ruwa ba, ban ga mutane ba, zuciyata na tambaya ko na bar wata a gindin tsamiya.

A Kware na durƙusa gaban Inna, na faɗa mata takardun sun cuɗe.

Ta ce, "Ke dai da tsoro. Duba ƙasan kowace takarda, mi kika gani?"

Kalma ɗaya ce tilo a kusurwa. Na sha ganinta, ina zaton mai rubutu ne ke gwada alƙalami. Ashe ita ce farkon takardar da ke biye, kowace tana kiran 'yar uwarta. Muka baje su a tabarma. Idon Inna ya yi rauni, don haka ni ke karantawa da ƙarfi, ina neman mai bi. Aka kawo tuwon shinkafa ya huce ban taɓa ba. Kafin la'asar sakaliya na kai inda shekara ba ta kai ni ba.

Sai na zo ta ƙarshe. Falke na ƙofar gidan uwar yaron, a kusurwa kuma ga kalma tana kiran wata takarda, tabarma babu komai.

"Inna, na yar da ita."

Ta yi dariya har da tari. "Ba ke ba ce, ɗiyata. Wagga ta ɓace tun ranar da Nasara suka shigo birni muka yi gudu. Matso, tana nan cikin kaina."

Ta faɗa mini ƙarshen, ta sa na maimaita har ya zauna. Littafi zai tafi gabas da ita, ƙarshensa ya biyo ni.

Washegari muka komo Sakkwato, gulbi ya ɗan ja baya. Na leƙa gindin tsamiya duk da haka.

Abin da na koyo, a da ina jiran ranar da aiki zai ƙare in zauna in yi karatu, ranar kuwa ba ta zuwa. Na aro wani littafin a unguwa. Falle ɗaya nake ɗauka kafin ruwan tuwo ya tafasa, in riƙe kalmar kusurwa a bakina, in tashi in kama muciya.