Kwamfutar da Ba Ta da Allo

Shagon Gwaggo yana ƙarƙashin matakalar wani bene ne, a layin masu gyaran waya da kwamfuta. Ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a waje yana leƙe. Tebur ɗaya, kujera biyu, sai kanta mai hawa huɗu da ta jera wa tsofaffin kwamfutocin tebur, irin masu ƙaton akwatin nan da 'yan zamani ke ganin ba su da sauran amfani sai a tokare ƙofa da su. Duk layin Gwaggo ake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ba a makaranta ta koyi gyara ba. Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga tafireta a wani ofis, kafin a kwashe tafiretocin a ajiye musu kwamfuta. Mai gyaran ofishin kuwa sai a yi sati ana cigiyarsa. Wata rana kwamfutarta ta tsaya cak da aiki a ciki, ta jira har ta gaji, sai ta ari sukundireba wurin direba ta kwance akwatin. Ba ta gyara komai ba ran nan, amma tsoron abin ya fita daga ranta. Daga nan ta sayi littafin rubutu. Duk saƙon da kwamfuta ta nuna in ta rikice, sai ta kwafe shi harafi da harafi, a ƙasa ta rubuta abin da ya warkar da ita. Da ta bar aiki littattafan sun kai goma sha ɗaya, da su ta buɗe shago.

Samarin layin akwai zafin nama, ba a raina musu. Sai dai magani ɗaya suka sani: a wanke kwamfuta tas, a zuba mata sabuwar manhaja. Ciwon kai a wanke, tari a wanke. Mutum ya koma gida da kwamfuta tana walƙiya, ya nemi aikinsa na shekara goma ya rasa, a ce masa ai da ma ta tsufa. Wannan ɗabi'a tana ƙona wa Gwaggo rai, kuma da gaskiyarta. Takan ce musu, "In ka kira mai gyaran famfo, ka dawo ka tarar ya sake maka wurin gado, za ka gode masa?" Su yi dariya su ce Gwaggo ta fara. Amma in aka kawo musu tsohuwar da ta gagare su, a ɓoye suke turo mai ita ƙarƙashin matakala.

Haka aka turo mata Malam wata safiyar Talata. 'Yarsa ce a gaba, ma'aikaciyar jinya, ko kayan aiki ba ta cire ba, ta rungumo akwatin kwamfuta tana haki. Shi yana biye da ita da sanda, dattijo dogo, tsaf da shi. Makaho ne. Gwaggo ta ba shi kujera mai kyan, ta ba 'yar ɗayar, ita ta zauna a kan wani akwati.

'Yar ce ta yi bayani. Malamin makaranta ne shi a dā, idonsa ya tafi yana da hamsin da 'yan kai. Shekara goma sha bakwai ke nan wannan kwamfuta ce idonsa. Akwai wata murya a cikinta da ke karanta masa duk abin da ya taɓa. In wasiƙa ta zo ko takardar magani, ya ɗora a kan sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton takarda, muryar ta karanta masa. Da ita yake yi wa mutane fassarar takardu, da ita yake zaune shi kaɗai a ɗakinsa tun rasuwar matarsa. To yau kwana tara ke nan muryar ta yi shiru.

"Gwaggo, na saya masa sabuwa, 'yar ƙarama ta ɗorawa a cinya," in ji ta. "Ya ƙi ta ƙememe. Shekaranjiya ya haɗa magungunansa ba daidai ba, don babu mai karanta masa. Na gaya masa, in wannan ba ta tashi ba zuwa ƙarshen sati, ya tattara ya dawo wurina. Ɗaki ma na gyara masa."

"Uwata ta riga ta yanke hukunci," in ji Malam yana murmushi. Amma hannunsa yana kan akwatin, bai ɗauke ba.

Gwaggo ta dubi 'yar ta ga ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ta dubi uban ta ga shi ma tsoron yake ji, ya dai iya ɓoyewa ne.

"Malam, ina allonta?"

"Allo na me, Gwaggo? Na kyautar da shi tun tuni, wuri kawai yake ci mini."

"Wa da wa suka taɓa ta?"

"Mutum biyu. Na farko ya zo gida, bai tarar da allo ba, ya ce ta ƙone. Na biyu ya haɗa nasa allon, ya ce wa ke amfani da wannan tsohuwar manhaja yanzu, a wanke. Na tambaye shi muryar fa? Ya ce za a samo mini wata. Sai na ce a ba ni abata."

Gwaggo ba ta kunna ba tukuna. Ba ta taɓa kunna kwamfuta sai ta ji ta bakin mai ita. Ta ce ya gaya mata me yake ji in ya kunna, a dā da yanzu.

"A dā fanka za ta tashi, ta yi ƙara ɗaya, tit. Sai in ƙirga arba'in, muryar ta gaishe ni. Yanzu fanka na tashi, ƙara biyu, daga nan shiru. Kafin haka, wata biyu ke nan in na tambaye ta kwanan wata sai ta mayar da ni shekarun baya. Akwai kuma wani ɗan ƙas-ƙas a ciki, kamar ana ƙyasta farce, da can babu shi."

Gwaggo ta ajiye biron da take rubuta bayaninsa da shi. Shekara da shekaru masu ido biyu suna zuwa suna ce mata "kawai ta ƙi yi ne," yau ga wanda ya kawo mata ciwon da sunansa. Ta ji yana burge ta ƙwarai, ta kuma gaya masa haka.

Ta haɗa allonta ta kunna. Abin da ta zata ne. Akwai wani ɗan batir a cikin akwatin, bai fi maɓallin riga ba, shi ke riƙe wa kwamfuta agogo. Ya mutu. Shi ya sa take tsayawa tun daga farko, ta rubuta cewa a danna wani madanni kafin ta ci gaba. Kwana tara tana jiran a danna, shi kuma yana jiran ta yi magana. Gwaggo ta sa sabon batir, ta daidaita kwanan wata, ta sake kunnawa. Leɓunan Malam suka soma motsi. Yana kai arba'in wata murya ta ɓarke daga sifika, da saurin da babu wanda ya kama kalma ɗaya sai shi.

Ya sauke ajiyar zuciya, ya laluba sandarsa. "Uwata, ɗauko mu tafi."

"Ba yau ba, Malam," in ji Gwaggo.

Ta yi masa bayani ba ɓoye-ɓoye. Ƙas-ƙas ɗin da yake ji faifan ajiya ne, inda muryar da takardunsa da komai suke, kuma yana kan hanyar mutuwa. Yana iya kai wata, yana iya tsayawa gobe. Muryar kuwa tsohuwa ce, faifan da aka zuba ta da shi ya ɓata tuntuni, in ta tafi ta tafi ke nan. Sai ta kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani. Kwana biyu take so. Malam ya ji muryarsa da kunnensa, yanzu kuma a ce ya bar ta. Daga ƙarshe ya ɗauke hannunsa daga kan akwatin, ya ce, "Amana, Gwaggo."

Ta sauko da wani faifai mai lafiya daga kanta, irin na zamanin kwamfutar. Kwafin ya ci mata yini guda, don tsohon faifan yana tafe yana turjewa, ita kuma ta ƙi matsa masa. Kashegari da hantsi ta sa sabon, ta kunna. Wani ɗan akwatin saƙo ya fito, ta danna shi da linzamin kwamfuta ba tare da ta ma karanta ba. Murya ta tashi, takardu suna nan, sikana na aiki. Ta ɗauko waya za ta kira 'yar, sai ta tsaya. Da ido ta duba, da linzami ta danna. Malam ba shi da ko ɗaya.

Ta kashe allon, ta jefa linzamin a aljihun tebur, ta sake kunnawa ta ƙirga arba'in. Shiru. Ta kai tamanin, shiru. Da ta kunna allon sai ga ɗan akwatin nan ya dawo, yana tambaya ko a amince da sabon faifai, ya tare wa muryar hanya. Da ta miƙa masa haka, da ya koma ɗakinsa ya zauna gaban shiru, kuma wannan karon ba zai sake musu da 'yarsa ba. Kunya ta kama ta, ita da take yi wa samari faɗa.

Ta kawar da saƙon har ya daina dawowa. Sa'an nan ta rage saurin muryar don ta iya ji, bayan ta rubuta lambar da Malam ya ajiye ta a kai, ta juya allon ya kalli bango. Rabin yini ta yi tana lalube da madannai kaɗai. Mai gyaran waya na kusa ya leƙo ya gan ta ido a rufe tana sauraron sifika, ya ce, "Gwaggo, wa'azi ake ji ne?" Ta ce ya ja mata ƙofa. A haka ta gano wasu abubuwa biyu da ido ba zai taɓa kamawa ba, ta gyara. Ta kashe ta kunna sau bakwai, sau bakwai muryar ta tashi a kan arba'in. Ta mayar da saurin inda ta same shi.

Ranar Alhamis da la'asar ita da kanta ta kai. Ɗakin Malam a hawa na biyu yake, ciki da falo, komai a mazauninsa. A kan teburin akwai shatin inda akwatin ya shekara goma sha bakwai, a nan ta ajiye shi daidai. 'Yar tana tsaye, ga kwalaye uku da ta kawo don kwasar kaya an jingine su a bango.

"Kafin ka kunna, Malam, ka saurare ni," in ji Gwaggo. "Kwana na ƙara mata, ban mayar da ita yarinya ba. Na cire mata wayar intanet, don manhajar nan an daina yi mata kariya, duk ɓarawon da ya ga dama zai shigo. Wasiƙun intanet sai a sabuwar. Dole ka koye ta."

"Muryarta ba ta shiga kunnena."

"Na sani. Shi ya sa na rubuta maka darasi ashirin na sabuwar, na ajiye a cikin tsohuwar. Muryar da ka saba da ita ce za ta koya maka. Ɗaya a rana, ranar Asabar in zo in ji karatu."

Malam ya yi dariya har da buga ƙafa. "Yau ga malami an ba shi aikin gida."

Ya zauna, yatsansa ya tafi kan makunni kai tsaye. Babu wanda ya yi motsi a ɗakin har muryar ta tashi. Ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko takardar maganinsa, ya ɗora a sikana, ya karkata kai yana sauraro.

"Fari, ɗaya da safe bayan an ci abinci. Ƙaramin, rabi, safe da yamma. Na ci ko na faɗi, malamar asibiti?"

"Ka ci, Baba," ta ce a hankali.

"To, Uwata, kwalayen nan ki tafi da su, kada in yi tuntuɓe."

'Yar ta sunkuya ta tattara su. Malam ya miƙe ya raka su bakin ƙofa, ya yi wa Gwaggo godiya, ya ce wa 'yarsa ta gaida yaran. Suna fita suka ji ya murza makulli ta ciki.

A kan matakala 'yar ta tsaya. Ta bayan ƙofar ana jiyo muryar tana ta zuba, da ƙarar madannai. Hawaye suka zubo mata, ba ta da hannun sharewa.

"Har fenti na yi wa ɗakin, Gwaggo," ta ce. "Kuma wallahi daɗi nake ji."

Gwaggo ta karɓi kwali biyu daga hannunta, suka sauka tare.