Lawali da Ciyawar Hajiya

Shekara goma sha ɗaya na yi tare da Malam Lawali, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya tsani abin da yake ci da shi kamarsa ba. Ni Tijjani direba ne a gidan wani jami'in jakadanci a unguwar Zamalek ta Alƙahira, shi kuma mai kula da lambun gidan. Masu gida su zo su yi shekara uku su tafi, mu muna nan kamar kujerun falo.

Mutumin Talatar Mafara ne. Karatu ya kawo shi Alƙahira, nahawu ya kore shi daga aji tun shekara ta biyu, kunyar komawa gida hannu rabbana ta zaunar da shi. Ya auri Awadiyya, Bahaushiyar Sudan mai sayar da shayi, suka tare a ɗaki biyu a unguwar Arba wa Nus. Takardar zamansa a ƙasar ta dalilin aikin nan take fitowa. In aikin ya tafi ita ma ta tafi, kuma mai 'ya'ya huɗu ba ya wasa da wannan.

A wajen datse rassa kuwa ba ni da na biyunsa. Shi aski yake ce masa. Ya koya ne a hannun wani tsohon Bamisire, wanda ya ɗora shi kan doka guda: ba a taɓa itace sai watan Tuba na Misirawa, wato wajen tsakiyar Janairu, lokacin da sanyi ya kai ƙarshe itatuwa suka yi barci. Ranar aski Lawali ba ya gaisuwa sosai. Zai zagaya wardi sau uku da almakashi a bayansa, sannan ya far masa, ya bar maka sanduna huɗu iya gwiwa. Duk sabuwar matar gida sai ta yi salati, bayan wata biyu kuma ta kira ƙawaye kallon fure.

Abokiyar gabarsa ita ce ciyawar tsakar gidan, wadda Misirawa ke ce wa najila. Ya ce shi ɗan manomi ne, ubansa ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ciyawa, ga shi shi an sa shi yana ba ta ruwa da taki, yana yi mata gyaran fuska duk Alhamis. Abin da ya fi ci masa rai, kullum sai ya riƙe tiyo awa biyu a kanta, ya koma unguwa ya tarar da Awadiyya a layin ruwa da jarka. A nan ni ma ba na dariya, don na san layin.

A shekarar 2013 mai gidan namu Alhaji Ya'ƙub ne, mutum mai sanyin hali wanda bai san launin ƙofar gidansa ba. Matarsa Hajiya Shafa'atu kuwa ciyawar nan ce abin alfaharinta. Ba ta taka ta, ba ta bari a taka, daga baranda take kallonta tana shan shayi.

Sai aka kawo mahaifiyar Alhaji, Inna Fatu, aikin gwiwa. Ranar da aka fara fito da ita shan iska ta dubi tsakar gidan ta tambaya ko ba a daɗe da buɗe shi ba ne. Aka ce a'a. Ta ce to a garinsu gidan da ciyawa ta cinye haka sai dai wanda masu shi suka mutu. Ina za a shimfiɗa tabarma? Wa zai ga maciji? Da ta ji kuma furen da ya lulluɓe ƙofa sunansa jahannamiyya, sai ta daina bi ta ƙofar gaba ɗaya. Lawali yana gefe yana saurare, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Farkon Disamba Hajiya ta tafi Abuja biki. Washegari muka tarar da tsohuwa ta sauko daga keken da ake tura ta a kai, ta zauna dirshan tana cizge najila da hannu, da gwiwar da likita ya ce kada ta lanƙwasa. Lawali ya roƙe ta ta ƙi. Aka tambayi Alhaji, yana ɗaure takalmi ya ce a yi wa Inna abin da take so. Lawali bai jira a maimaita ba. Ya ciro wata fartanya da ya ɓoye shekara da shekaru a bayan tankin ruwa, kwana uku ya mayar da wurin fili. Ni na ɗauko yashi da tsakuwa a bayan motar da ake kai baƙi filin jirgi, Allah ya yafe mini. Ya bar inuwar mangwaro don tabarma, ya jera na'ana'a da lalle a tukwane ta gefen katanga, ya share sauran har sawun tsintsiya ya fito.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma Inna ta ce a rage dajin can ma, shi kuma daɗi ya ɗebe shi, ya karya dokar malaminsa. Saura wata guda Tuba ya kama ya yi wa wardi da inabi da jahannamiyya aski ƙwal. Kwana huɗu bayan nan aka yi sanyin da tsofaffin gari suka ce ba su taɓa gani ba, har ƙanƙara ta sauka a bayan gari. Bakin rassan da ya yanka duk ya yi baƙi.

Ni na ɗauko Hajiya daga filin jirgi, kuma na bi da ita hanya mafi tsawo da na sani. Da aka buɗe ƙofa ta tsaya da jaka a hannu. Ba ta iya faɗa da surukarta, Alhaji kuma ya tuna yana da taro, don haka duk ya sauka kan Lawali. Ta ce ta ba shi wata guda, in itatuwan nan ba su yi toho ba ya nemi wani gidan.

Ya amsa da cewa tamam, wato babu damuwa, za su yi. Amma ni ina ganinsa kullum da safe yana tsugune yana kankare bawon wardi da farce, yana neman kore. Ya rame. Na ba shi shawarar mu je kasuwar Ataba mu sayo ganyen roba mu ɗaɗɗaura, tunda daga baranda ake kallo. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Inna, wadda ta haɗa wutar, ta warke sarai a kan tabarmarta, ta koma gida ta bar shi da addu'a.

Wata ya cika, sanduna suna nan yadda suke. Lawali bai jira a kira shi ba. Ya wanke almakashi ya shafa masa mai, ya ajiye a bakin baranda.

"Hajiya, kalas, shi ke nan, ni na yi gaggawa. A yafe mini."

Na kai shi tashar mota. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san lissafin da yake yi a ransa ba na wardi ba ne.

Kwana tara bayan tafiyarsa na ga wani ɗan jan abu kamar ƙwayar dawa a jikin sanda ɗaya. Kafin mako duk sun fashe, har jahannamiyyar. Na yi ta tari a kusa da su duk lokacin da Hajiya ta fito. Ta gani sarai, amma sai da ta yi kwana uku sannan ta ce in je Arba wa Nus in gaya wa Lawali ya manta hularsa. Babu wata hula. Awadiyya ta fi shi saurin ganewa, ita ta tura shi cikin mota.

Abin da ba mu sani ba, najila ba ta mutuwa da sara ɗaya. Tun da aka daina shara ta fara leƙowa tsilli-tsilli cikin yashin. Muna shiga muka tarar da Hajiya Shafa'atu, 'yar Gusau da ta tashi a tsakar gida shararriya, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta duƙa a gindin mangwaro tana cizge ta da hannu, tarin ciyawa a gefenta. Lawali ya ja ya tsaya. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam Lawali, kallona ka zo yi? Yalla, maza ɗauko fartanyar."