Wa Ya Wanke Tukunya?

Yau da safe ƙamshin ɗumame ya tarye ni a zaure, ina dawowa daga masallaci. Miyar kuka ce da ta kwana, da ɗan ƙaurin gindin tukunya, da man shanu. Na jima ban ji wannan ƙamshi a gidana ba, kuma ba haka kawai ya dawo ba. Akwai tsohuwa a ɗakin kusa da rijiya, matar marigayi Baffana, wadda ta daina karya kumallo tun da na ɗauko ta daga ƙauye. Maganin hawan jininta ba a shan sa da wofin ciki. Ita kuwa ta ƙi ci, tana ta ramewa ina kallo. Zan faɗa maka yadda aka yi, mai karatu, amma sai ka bar ni in fara daga farko, don ba na son labari a birkice.

A wani ƙauye na tashi, gaba da Babban Mutum, cikin gidan gandu. Safiya a gidanmu tana da tsari, kuma Kakata ce ke riƙe da shi. Da farko salla. Bayan salla a hura wuta da karan gero. Sai a sauko da tuwon da aka ajiye tun daren jiya, a yanyanka shi cikin sauran miya, a ɗan zuba ruwa, a rufe. Maza masu tafiya gona su ake fara zuba wa a akushi. Mata su biyo baya. Mu yara namu ne ƙarshe, tare da ƙanzon da aka kankaro, kuma ba mu taɓa ganin an cuce mu ba. Kunu na marar lafiya ne da mai jego. Fura kuwa sai rana ta take, a bi maza da ita gona.

Ka lura, wannan tuwo ba ragowa ba ne. Tun wajen awon tsaba Kaka ke ware rabon safe. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da hayaƙin asuba ake gane gidan da ke da sauran hatsi. Gidan da ba a hura wuta ba, an san tuwonsu bai kwana ba, sai kowa ya yi shiru da bakinsa.

Daga baya na yi yawo a bayan manyan motoci, na ga yadda wasu ke karyawa. A cikin garin Daura koko da ƙosai ne, yara na layi da kwanuka a ƙofar mai suya. A Kano na ga magidanci da furfurarsa zaune kan bencin mai shayi, yana tsoma burodi. A rugar Fulani kindirmo ne da ɗan dunƙulen fura, makiyayi ya sha ya bi shanu. Wajen Yola kunun gyaɗa suka ba ni, mai kauri, na yaba. Ban raina na kowa ba. Abin da na fahimta shi ne, kowa yana karyawa ne daidai da aikin da ke jiransa. Da wani ya gaya wa matar Baffa haka tun da wuri, da an huta.

Daga cikin Daura aka auro ta, 'yar gidan wani mai ɗinkin hula. Tana da tsabta da ladabi, ba ta da ƙiwa. Ta tare da bazara, ruwa ya sauka, aka yi shuka. Gero ya fito, ciyawa ta fito tare da shi, har ta fi ƙarfin Baba da Baffa. Sai aka kira gayya. Maƙwabta suka yi alkawarin ba mu safiya guda, daga fitowar rana zuwa azahar, domin kowa ciyawa na jiransa a tasa gonar.

Ana gobe gayya Kaka ta tuƙa tuwo a babbar tukunya, ta kwashe na dare, ta rufe na safe. Da magariba aka aiko kiranta, wata mata na naƙuda a unguwar gaba, ita ce kuwa ungozoma. Tana yafa zane ta ce wa amarya, "Ga na safe nan, ki kula da baƙi."

Amarya ta kula da baƙi iyakar saninta. A gidansu ma ana ɗumame, amma na yara ne da mata, ba a miƙa wa baƙo abin da ya kwana. Ta ga abin kunya ne mazan gari su zo a sa musu kwantai. Saboda haka ta raba mana tuwon tun da dare, ta aika wa maƙwabta da saura. Ta goge tukunyar da toka har tana ƙyalli. Ta tace gasara da geron gararta, ta sa citta da kanumfari. Kafin asuba ta dama koko, ta soya ƙosai da man da ta zo da shi daga gidansu.

Maza suka zauna a ƙofar gida da fartanyoyinsu. Suka sha, suka yaba, don koko ya yi daɗi. Wani dattijo, abokin wasan Baffa, ya lashe ludayi ya ɗaga murya yadda za a ji daga ciki.

"Amarya, Allah ya yi albarka, mun kurkure baki. To, a fito da karin kumallon."

Aka kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba.

Daidai nan Kaka ta dawo. Ta wuce wajen murhu, ta ga tukunya a kife tana sheƙi. Ba ta yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Wa ya wanke tukunya?"

Amarya ta sunkuyar da kai, ludayin koko na hannunta.

Abin da ya biyo baya a bayyane yake. Da farko an shiga gona da ƙarfi, har da waƙa. Hantsi na dubawa waƙa ta mutu. Aka fara miƙewa ana dafe ƙugu. Dattijon nan ya ce kokon birni ya gangara gwiwa, ƙosai kuma ya bi shi neman sa. Kaka ta hanzarta fura, amma kafin a daka, a dafa, a kirɓa, rana ta yi tsaka. Da azahar kowa ya saɓa fartanyarsa kamar yadda aka yi alkawari. Gefen gona na gabas ba a taɓa shi ba. Ruwa kuma ya tsuge kwana da kwanaki, harƙiya ta shaƙe geron wajen.

Ba zan ce koko kaɗai ya jawo ba, don ruwa ma ya ɗauke da wuri a shekarar. Amma rumbu bai cika ba. Da damina ta zagayo, mu ne gidan da ba a ganin hayaƙinsa da asuba.

Ban taɓa jin an goranta mata ba. Abin da na ji kawai, Kaka ta ce mata wata rana suna surfe, "'Yar nan, koko na mai zama ne. Mai sunkuyo sai tuwo." Tun daga nan har Kaka ta rasu, har Baffa ya rasu, tukunyar matar nan ba ta sake kwana a wanke ba.

Yanzu ga ta a gidana cikin Daura, garin da aka haife ta. 'Ya'yanta mata suna aure nesa, riƙonta ya faɗo kaina. A gidana kuwa tsari ya watse. Da dare shinkafa ko taliya, babu abin da ke kwana. Da safe shayi da burodi, kowa a tsaye, wannan na neman takalmi, wancan na danna waya. Aka kai mata shayi, ta kurɓa ta ture. Maiɗakina ta ce, "Malam, ai 'yar birni ce, a gwada koko da ƙosai." Aka sayo mai zafi. Ta kalli kwanon ta juya fuska bango. Na tambaye ta, "Inna, me kike marmari?" Ta ce, "Ba komai, ɗan nan, Allah ya yi maka albarka." Irin mutanen da ne, ba za ta buɗe baki ta roƙi abinci a gidan da take ganin na wani ne ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi tuwo da dare, abin da ba a cika yi ba. Ashe ta rage nata, ta lallaɓa ta mayar cikin tukunya ta rufe da faifai. 'Yata ta gani, ta ɗauka ragowa ce, ta juye wa kaji, ta wanke komai tas, don haka aka koya mata. Da safe ina shigowa na tarar da tsohuwa tsaye a ƙofar madafa, ta dogara da sanda, tana kallon tukunya a kife.

"Wa ya wanke tukunya?"

Muryarta ba ta fita sosai. Ni dai na ji, sai na nemi wuri na zauna.

A ranar na kafa doka. Kowane dare za a tuƙa tuwo, ko da kaɗan ne. Za a ware na safe kafin a raba na dare. Ba mai taɓa tukunya sai Inna ta karya. Yara suka yi ta gunaguni, maiɗakina ta ce aiki ya ƙaru, kuma gaskiyarta ne. Ban janye ba.

Yau ta ci. Ta cinye, ta suɗe hannu, ta haɗiyi maganinta. Sannan ta ce wa 'yata wutar gas ba ta yin ƙanzon kirki, yarinyar ta ce, "To Inna tsohuwa, gobe sai ki tashi ki hura mana kara." Suka yi dariya su biyu.

Ni na gaji da kafa doka a gidan da kowa ke sauri. Na san ba don sun gane suke bi ba, don ina raye ne. Ba wanda ke sunkuyo a gona cikinsu, ban kuma ga laifinsu ba. Ranar da tsohuwa ta tafi, na bi bayanta, za a wanke tukunyar nan tun da dare a kife ta, kuma ba za a sami mai tambaya ba.