Ceɗiyar Tsakar Gida da Ɗakin Auta

Ni dai bokona a aji huɗu ya tsaya, kuma ba don kaina bai ja ba. Wani malami anka kawo muna daga Maradun, siriri mai gajeren wando, ya koya muna cewa masu rai sun kasu kashi-kashi: ga tsirrai, ga ƙwari, ga masu yin ƙwai, ga kuma masu shayar da ɗiyansu nono. Cikin na ƙarshen nan ya ambaci akuya da jaki da jemage, kana ya nuna mu da alli ya ce har da mu. Na sheƙa gida da murna, na shaida wa mahaifina ashe mu da jakinsa dangi guda ne. Ya dai ci gaba da alwalarsa. Washegari gona anka tura ni, ban ƙara shiga aji ba. Amma ilimi ya riga ya shiga, kuma har yau da shi nike duba duniya.

Da wanga ilimi na gane abin da ya sami gidanmu na Damri. Sa'ad da na gaje shi, kowane kashi na masu rai yana da wakili a ciki. Ga garken awaki, ga turken jaki, ga akurkin kaji, ga ɗan lambun yakuwa da kuɓewa bayan ɗaki. A tsakar gida kuwa ga ceɗiyar da kakana ya dasa, cike da kurciyoyi da jemagu. Ana nan sai kashi guda ya ɗaura yaƙi da sauran. Ɗana na fari ya yi aure, anka tashi awaki anka gina ɗaki. Na biyu ya cinye lambu, na uku ya kori kaji. Jaki, da yake ɗan'uwa ne, an yi mashi kara, sai da na huɗu ya kawo mata kana anka ja shi kasuwar Mafara. A waje kuma babu fili. Gonar bayan gida an raba ta tsakanina da ƙannena da ɗiyansu har rabon kowa bai fi shimfiɗar tabarma ba, sauran kuwa mutanen da ƙauyukansu sunka ƙi zaunuwa sun gine shi.

Bara da kaka autana ya ce shi ma ya ga wadda yake so. Na sa albarka, bakina har kunne. Murnar ta kare ne ranar da na ga magini ya shigo yana zagaya ceɗiya, yana auna gindinta da taku. Tun da gwiwoyina sunka yi sallama da gona, inuwar iccen nan ita ce majalisata, ita ce kotuna, nan nike ƙailula. In an sare ta, sai dai a jingine ni jikin bango kamar tsohuwar galma.

Don haka na tara ɗiyana bayan la'asar, na gyara zaman hula, na yi gyaran murya irin ta masu ilimi.

“Ku saurara in yi maku karatu,” na ce. “Masu shayarwa iri biyu ne, akwai masu tsari, akwai ku. Ku ɗaga kai ku dubi jemagen can. Ɗa guda takan haifa, ta manna shi ga ƙirji, ba ta ƙara wani sai shekara ta zagayo. Kun taɓa jin ta kori akuya don ta gina ɗaki? Ƙasa ba ta ƙaruwa, ku ko kullum sai suna, sai yanka rago. Daga yau kowa ya yi tsarin jemage.”

Babbansu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. “Allah shi ja kwana, Baba. Ɗa guda kowace shekara, ai shi ne tsarin da kai ka bi.”

“Rufe mani baki, shaƙiyyi! Zamanina daji ya fi mutane yawa, ga ƙyanda tana ɗaukar nata rabo. Wa ya ce ku yi koyi da ni bayan an kawo allurar rigakafi?”

Uwarsu tana gefe tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. “Malam, wa'azinka ya makara. Matan ɗiyan ga sun daɗe suna zuwa asibitin Bakura ana koya masu hutun haihuwa. Duba gidan ga, wa ka gani da goyo da ciki? Wanda ka neman ɗakin ba jikanka ba ne, naka ne na cikinka. Tun kafin shi na ce a bar ni in huta, kai ka ce gida bai cika ba. To, ga shi ya cika.”

Wannan magana ba ta cikin karatun aji huɗu, saboda haka ban ga dalilin amsa ta ba. Na dai nemi goro a aljihu.

Auta ya matso ya durƙusa. “Baba, ni ba ni da gaba da icce. Amma ina zan aje amarya? In ga reshe kake so in rataye ta, sai ka tafi ka gaya wa ubanta da bakinka.”

Dariya ta ɓarke har matan da ke laɓe bayan zana. Na dubi ceɗiya, na dubi gidan ɗaki bayan ɗaki. Mai zama shi kaɗai cikin ɗaki duk gidan mutum guda ne, kuma hularsa ce bisa kaina.

“A shafa wa turakata farar ƙasa,” na ce. “Magini kuma in na ƙara ganin ƙafarsa kusa da iccen ga, sai na karya ta.”

Haka na kwashi buzuna da butata da rediyona na koma ɗakin tsohuwa uwar ɗiyana, baƙo a gidan da na gada. Ta karɓe ni da sharaɗi: ba rediyo, ba tofar da tukar goro, ba karatun masu rai. Ta ba ni gefen da kwanukanta sunka rage.

Ceɗiya tana nan daram, jemagu suna ta ɓata mani riga ba ko godiya. Sai dai kwanan nan muryar babban jikana ta buɗe, ya kama yawan wanka da shafa turare. Tsohuwa ta riga ta sanar da ni, in shi ma ya taso, ita ba ta da ɗakin bayarwa, in fara tunanin inda zan kai buzuna.