Duman da Aka Ɓoye a Tukunya

A gidanmu na Ƙofar Ƙaura, murhun Kaka ne ke riga na kowa kamawa, shi ne kuma ke mutuwa a ƙarshe. In an idar da sallar isha'i an kwashe kwanukan tuwo, sai ta jawo ragowar garwashin gaban ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a cikin toka mai zafi. Ƙamshin gyaɗar nan shi ne kiranmu. Daga kowane sashe na gidan jikoki ke fitowa, wani da zanen uwarsa a kafaɗa, wani da loma a baki, mu zagaye ta har gwiwa na gugar gwiwa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta dubi ƙofar gida ta ce, "Ga wata baƙuwa can tafe, ta gaji. Wa zai ba ta wuri?"

Mu kuma mu haɗa baki, "Ta zo ta ji ɗumi!"

Kaka tana da wata dabara da ban gane ba sai da na girma. Takan maimaita tatsuniyar da ta taɓa yi mana, sai ta sauya abu ɗaya da gangan. Akuyar makon jiya ta koma tunkiya, ko rijiya ta koma tafki. Daga nan ta ci gaba da tonon gyaɗarta kamar ba ta yi komai ba, amma idonta na kanmu. Yawancinmu ba ma lura, hankalinmu na kan toka. Rabi ce kawai ba ta bari ya wuce. Ɗiyar ƙanin babana ce, sa'ata, 'yar siririya mai manyan idanu.

"Kaka, ran nan akuya kika ce."

"Ni? Tsohuwa da ni zan yi maki ƙarya?"

"Wallahi akuya ce. In tunkiya ce ta yaya ta hau katanga?"

Daga can sashensu sai mu ji muryar mahaifiyarta, "Rabi, rufe mana baki! Yarinya sai shegen iyayi a gaban manya." Rabi ce ɗiyarta ta fari, don haka ko da wasa ba a taɓa jin ta yabe ta ba.

Kaka ta ce, "Bar mani ƙawata. Ke kunya ta hana ki, ni mi zai hana ni?" Sai ta ware gyaɗa mafi girma ta miƙa wa Rabi, ta ce, "To uwar sani, tunda kin fi ni riƙewa, ƙarasa masu." Rabi kuwa ta ƙarasa, har da ƙarin abin da babu a ciki.

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta wata mata mai shukar duma. Duman ya yi yaɗo a kan danga ya zuba 'ya'ya, sai ɗaya ya fita daban. Kullum safiya in ta duba sai ta ga ya ƙara girma, fatarsa sumul, har masu wucewa sun fara tsayawa kallo. Tsoro ya kama ta, ta ce bakin mutane zai kama mata shi. Ta ɗauko tukunya ta zura duman a ciki tun yana ɗanye, ta rufe da faifai, ta bar wa igiyarsa 'yar kafa. In an tambaye ta ina ƙaton duman nan, sai ta ce, "Wane? Ai ruɓewa ya yi."

A nan Kaka ke sirantar da murya ta yi waƙar duman daga cikin tukunya:

"Uwar ɗakina, buɗe mani,
Wuyana ya kai baki,
Cikina ya kai bango,
Rana nake so in gani."

Matar tana ji, amma sai ta ƙara danne faifan da dutse, don so take yi masa na gaske. Maƙwabciyarta ma tana da duma, bai kai wancan ba. Ita sai ta naɗa gammo ta sa masa a ƙasa, tana juya shi lokaci lokaci don kowane gefe ya sha rana, ta ja ganye ta yi masa inuwa in zafi ya yi yawa. In an yaba sai ta ce, "Masha Allah, ikon Allah ne."

Da lokacin girbi ya yi aka zo fafe duma, na maƙwabciya ya ba da ƙwarya biyu masu kyau. Na cikin tukunya kuwa ya ƙi fita, sai da aka fasa tukunyar. Ya fito da siffarta, wuya a shaƙe, gefe a lotse. Bai ruɓe ba, ba wanda ya sace shi, bakin kowa bai kama shi ba. Amma bai zama abin da aka halicce shi ya zama ba.

Kaka ta kakkaɓe hannu ta ce, "Baƙuwa ta ji ɗumi ta tashi. Kowa ya nemi uwarsa."

A makarantarmu ta firamare babu mai irin idon Kaka. Rabi kan gama aiki kafin malam ya gama rubuta shi a allo, sai ta juya tana hira. Ta sha bulala a kan surutu, ta sha a kan ba da amsa ba a tambaye ta ba. Aka mayar da ita kujerar baya. Kafin mu shiga sakandare ta koyi yin shiru, aka ce ta yi hankali. Yau tana nan lafiya da iyalinta, alhamdulillahi, ba abin da ta rasa. Sai dai rabon da in ji ta ce "ta yaya" tun Kaka na da rai, Allah Ya jiƙanta.

Abin da ya tono mani duk wannan ya faru ne a zangon karatun da ya wuce. Ina aure a Kambarawa, kuma ɗiyata ta fari, wadda muke kira Mami, tana aji uku. Malamarsu ta aiko a kira ni. Na tafi ina zaton wani abin ta fasa.

Malama ta ce da farko ita ma ta ɗauka fitina ce ke damun yarinyar. Sai ta fara zura mata tambayoyin 'yan aji biyar a cikin aikinta ba tare da ta gaya mata ba, ta ga tana cinye su tana neman ƙari. Ta ce makarantar na da tsari ga irin waɗannan yara. Ba a tsallakar da su aji gaba ɗaya, don kada a raba su da sa'o'insu. Lissafi da karatu kawai za ta riƙa zuwa yi da manya, a buɗe mata ɗakin littattafai, a haɗa ta da malamin da zai riƙa bibiyarta. Amma ba a sa yaro sai an haɗa abin da malamai suka gani da abin da iyaye ke gani a gida, kuma a makon nan za a rufe zaɓen.

"To Maman Mami, mi kike gani a gida?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Wannan? Ai ba ta jin magana, Malama. Sai ƙiriniya da shegen tambaya."

Abin da aka yi mani ke nan, abin da na ga kowace uwa ta gari na yi. Wa ke zama gaban mutane ta yabi ɗiyar fari? Ga kunya, ga tsoron baki. Malama ta ɗan yi murmushi ta ce, "In haka zan faɗa wa shugabar makaranta, sai dai a bar ta inda take. Ki je ki yi tunani, ki dawo ranar Alhamis."

A hanya na yi ta jin zafin abin. Da can uwa na iya yin shiru domin akwai kaka a tsakar gida mai faɗa a madadinta. Mu yanzu daga ni sai maigidan sai yara, shi kuma yana wurin aiki a wani gari. In na yi shiru, babu wata tsohuwa da za ta ce a bar mata ƙawarta.

Na kira Rabi a waya na ba ta labari, ina dariya don in rage nauyin maganar. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hadiza, kin san mi? Har yau in na ji waƙar duman nan a raina sai in tashi in kama wani aiki. Ki koma. In kunya kike ji, ni in zo in faɗa."

Na ce a'a, ni zan je.

Ranar Alhamis na yi wa Mami addu'o'in tsari kamar kullum, na tofa mata, na riƙe hannunta muka tafi. Na zauna gaban Malama da shugabar makaranta, na sunkuyar da kai ina kallon bakin hijabina. Na ce Masha Allah, sannan na faɗa. Na ce ita ta koya wa kanta karatu daga jikin kwalaye da buhunan kicin. Na ce in ta ji sura sau ɗaya a Islamiyya, da ita take dawowa gida. Na ce ta taɓa hana ni sakat da tambayar inda ruwan randa ke tafiya tunda ba ta yoyo. Kunnuwana sun yi zafi kamar na zauna kusa da murhu.

Da muka fito, Mami ta ɗago kai ta dube ni da mamaki.

"Umma, ashe kina gani?"

Na gyara mata ɗankwali na ce, "Wuce mu tafi, uwar sani."