Kakin Baba ya yi magana

Jama'a, kun taɓa jin mutum ya rasu, kakinai ya yi magana bayan an rufe shi?

Zuwana Birnin Kebbi na farko ke nan, na kawo Baba asibiti daga Argungu da tari. Anka amshi kakinai cikin 'yar roba. Washegari Allah ya yi mai cikawa.

Yau malamar asibiti ta kira ni. Na ce, "Hajiya, ai ya rasu."

Ta ce, "Allah shi gafarta mai. Amma injinmu ya karanta kakin, ya gano ƙwayar tibi, wato tarin huka. Wa ke kwana ɗaki guda da shi?"

Ni ne. Kuma kwana ukku ke nan ina tari.

Wanda ya san injin nan shi yi min bayani. Bari in tahi, tawa robar na jirana.